Ƙidayar Dare a Idi-Araba

Ƙarfe biyu na dare.
Janareta na tari a bayan ɗakin gwaji,
ruwan Yuli na dukan kwano ba fashi,
ni da gilasai tara, da shayin da ya huce.

Ɗigo guda nake shafawa, siriri kamar ɓawon albasa,
in rina shi, in jira ya sha iska,
sannan in sunkuya a kan madubi
in shiga garin da mai shi bai taɓa gani ba.
Jajaye ba su dame ni ba yau.
Farare nake ƙirgawa, masu gadin gida.
Daga dubu huɗu zuwa sha ɗaya, sai hamdala;
abin da ya haura ko ya gaza, da magana.

Ga Ɗanlami, mai dakon tumatir a Mil Sha Biyu.
Ƙusa ta huda shi, ya ɗaure da tsumma,
kwana shida yana taka ruwan kwata.
Dubu ashirin da biyu.
Jikinsa ya yi gayya, kowa ya fito da gora.
Wannan bai ba ni tsoro ba:
faɗa ne, kuma akwai allura.

Ga ɗan Iya Risikatu mai wasa a bakin ruwa,
nasa masu ɗigon ruwan lemo ne suka yi yawa.
Tsutsar ciki ce, in ba fuka ba.

Ga wata 'yar Obalende
mai haɗiyar sha-ka-fashe don kumatu su ciko.
Ƙwayar ta taso masu gadi daga jikin bango
ta zuba su tsakiyar titi.
Lissafi ya hau, ɓarawo babu.

Madam Nkiruka kuwa, zagaye na huɗu na maganin sankara.
Na yi ta yawo, fili bayan fili,
kamar Gadar Eko da asubahin Lahadi,
can guda, can guda.
Dubu ɗaya da ɗari biyu.
Maganin ciyawa ya haɗa da dawa.
Na rubuta da jan biro: kada mai mura ya matso ta.
Taifod ma kan yi haka, ƙanjamau kan yi,
haka saifa in ta kumbura ta tsare baƙi ta hana su fita.

Sai na tara.
Sallau Magaji, hamsin da takwas, Agege.
Kawuna.
Shekara talatin yana fesa wa motoci fenti,
ba abin da ke hancinsa sai tsohon hankici,
da fetur yake wanke hannu kafin ya sa a tuwo.
Da kuɗin fentin nan aka koya mini wannan kallo.
Ya ce kasala ce kawai,
sai dasashi da ke jini in ya yi asuwaki.

Dubu ɗari da tamanin.
Oshodi da yamma: mota kan mota, ba mai motsi.
Kuma duk yara ne,
ɓargo ya sako su ɗanyu, ba wanda ya san aikinsa,
sun cika gida, sun hana jajaye wurin zama.
Ashe yawa ma kan zama rashi.

Na goge madubi da gefen riga.
Na sake shafawa, na sake rinawa,
na ƙirga sau uku kamar mai alwala.
Bai ragu da ko ɗaya ba.

Fentin ne? Ko haka aka rubuta tun farko?
Madubi adadi ya sani, bai san dalili ba.

Na sa hannu a takarda, harafin ya karkace.
Na miƙa wa likita, ya karanta, ya dube ni, bai ce komai ba.

Yana kan benci a baranda, hula a gwiwa,
ya yi barci rungume da leda:
burodin Agege ne, ya ajiye mini rabi.
Ladan ya ɗaga murya daga cikin unguwa,
ruwa ya tsagaita, danfon farko ya yi ƙaho.
Ya buɗe ido ya ce,
"Barira, jinin nawa ya ci jarrabawa?"

Na zauna kusa da shi, na kwance ledar.
Na ce, "Kawu, bari mu karya tukuna."